Shantun Zulai da Hawayen Ladidi

Jama'a, mun ciyo kofi! Wallahi mun ciyo! Yanzu haka yana can ofishin Shugabar makaranta, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, 'yan aji ɗaya sai leƙe suke ta taga suna ture juna. Makarantun 'yan mata na shiyyarmu kaf suka hallara gasar kiɗan gargajiya. Ga masu kiɗan ƙwarya, ga masu kiɗan ruwa, ga waɗanda suka sha anko kamar za su gidan biki, amma 'yan shantunmu suka kwashe. To amma ku zauna tukuna, don saura ƙiris kofin nan ya wuce mu, kuma ba kowa ya san abin da ya juyo da shi ba.

Zulai ce shugabar 'yan shantu, kuma duk wanda ya taɓa ganin ta tana kiɗa ya san ba a banza aka ba ta ba. In ta zauna ta miƙe ƙafa, ta buga gindin shantun a cinya, ta rufe bakinsa da tafin hannu ta buɗe, zobbanta na ƙwanƙwasa jikinsa, sai ka rantse ba mutum ɗaya ke kiɗan ba. Ba ta kuskure. Kuma ita ma ta san ba ta yi.

Mai ba da waƙa kuwa Ladidi ce, 'yar siririyar nan mai shiru-shiru. Waƙar da Malama Hansatu, mai kula da 'yan shantu, ta zaɓa don gasar ma ta Ladidin ce, waƙar reno da mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, take yi mata tana ƙarama. Muryar Ladidi kam ba a magana. Sai dai akwai wani baiti, wanda ke cewa:

Yi barci, Ladi, yi barci,
In na yi nisa kar ki yi kuka,
Ɗumin bayana yana cikin majanyi.

Da ta iso nan sai murya ta kama rawa, hannu ya yi sanyi a kan shantu, kiɗa ya wuce ya bar ta a baya. Kullum haka.

Ana dab da gasa, a wurin gwaji, abin ya sake faruwa. Zulai ta dangwarar da shantu ta ce, "Ladidi, don Allah kuka muka zo yi ko kiɗa?"

Ladidi ta share ido da gefen hijabi ta ce, "Yi haƙuri, Zulai, wurin ne in na zo..."

"Kullum wurin ne! Alƙalai dai ba za su ba mu maki don majina ba. Malama, a ba Hakama mai amshi waƙar nan kawai. Muryarta ba ta kai ta Ladidi ba, amma ba ta taɓa saɓa wa kiɗa ba."

Malama Hansatu ta dube su duka ta ce, "Ke ce shugaba. Ki je gida ki yi shawara, gobe ki faɗa mini wadda za ta hau dandamali. Abin da kika ce shi za a yi."

Ladidi ta ɗauki jakarta ta fita.

Zulai ta iso gida bayan la'asar, ta riga ta yanke a ranta: Hakama. Ta tarar da kakarta, Kaka Tasalla, a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ita ce fa ta koya wa Zulai shantu, shantun da Zulai ke kaɗawa ma nata ne tun na ƙuruciya, har ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu.

Kaka ta ce, "Wa ya taɓo mini sarkin rigima? Wannan fuska kamar an hana ki tuwo."

"Tsohuwa, ba na son tsokana yau."

"Ja'ira, in ba ki so ki koma ciki. Zauna ki faɗa mini."

Zulai ta zauna ta kwashe komai ta faɗa. Kaka ta ce, "To kaɗa mini kiɗan in ji."

Ai kuwa Zulai ta gyara zama ta saki hannu. Tun daga farko har ƙarshe, babu inda ta yi tuntuɓe. Ta gama ta ɗaga haɓa ta ce, "Akwai kuskure?"

"Babu ko ɗaya."

"To kin gani!"

"Na gani. Amma ke kin lura tun da kika fara ban daina ɓarar gyaɗata ba?"

Zulai ta dubi ƙwaryar da Kaka ke zuba ɓararriyar gyaɗa, ta ga gyaɗar ta ƙaru. Ranta ya sosu.

Kaka ta ce, "Tsoron da nake ji, kada abin da ya sami Arzika makaɗin noma ya same ki."

Zulai ta ce, "Wane ne kuma Arzika? Me ya same shi?"

Kaka ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta gyara zama, ta ce:

A wani zamani an yi wani ƙauye ana ce masa Rafin Gawo, mutanensa manoma ne na ji da gani. Ba su noma sai da gayya, ba su gayya sai da ganga. Kowane namiji da ya isa riƙe garma yana da takensa, wato kiɗansa na kansa, wanda in ya ji an buga sai jininsa ya motsa, ya manta da rana ya manta da ciwon baya. A garin akwai makaɗa biyu, wa da ƙane, Arzika da Nomau.

Arzika shi ne gwani. Taken kowa yana kansa a jere, daga na Sarkin Noma Jatau har na wanda ya fara riƙe garma bana, kuma yadda ya jera su haka yake bin su, ba ya tsallake ko ɗaya. In yana kiɗa kansa a sunkuye yake, idonsa a kan fatar ganga. Yakan ce, "Me zan kalla a fuskar manomi? Gumi ne kawai."

To wata damina Arzika ya tafi kiɗa wani gari mai nisa. Yana can Allah ya yi wa Barau rasuwa, shi kuwa Barau shi ne jarumin noman garin, ba a taɓa riga shi kai ƙarshen kunya ba. Ranar da Arzika ya dawo ta dace da ranar gayya, daga hanya ko gida bai shiga ba ya zarce gona da gangarsa. Ya sunkuya ya fara jero take, maza na ta zabura. Da ya ɗaga kai sau ɗaya tak, da ya ga gurbin Barau wani ne a ciki, ɗansa Cindo, ido jajur, ranar ce ta farko da ya fito gona tun da aka binne ubansa. Amma bai ɗaga ba. Da ya iso gurbin Barau a jerinsa, sai ya narka takensa, da ƙarfi, da annashuwa, har da ƙarin kwalliya.

Gona ta yi tsit. Cindo ya saki garma ya durƙushe a cikin kunya yana kuka. Manoma suka saɓa garemaninsu ɗaya bayan ɗaya suka watse. Arzika yana ta kiɗa, sai da ya kai ƙarshen jerinsa ya ɗaga kai, ya ga daga shi sai gero.

Da aka sake kiran gayya, Sarkin Noma ya ce a zo da Nomau. Shi Nomau mutum ne mai son jama'a, ya san wanda matarsa ta haihu, ya san wanda akuyarsa ta ɓata. In yana kiɗa idonsa na kan mutane, har kiɗan ya shiga jikinka. Sai dai hannunsa bai nuna ba, don bai taɓa zama ya gyara shi ba. Yakan ce, "Zuciya ce ke kiɗa, hannu ɗan aike ne."

Aka fara lafiya. Can Nomau ya hango Cindo yana saran ƙasa sak irin saran ubansa, sai tausayi ya kama shi, hawaye ya rufe masa ido. Hannu ya ƙwace. Kiɗa ya yi ta sauri, ya yi ta sauri, taken wannan ya shige cikin na wancan. Mutum biyu suka ji kamar su ake kira, suka zabura cikin kunya ɗaya, garma ta haɗu da garma, ɗaya ya sare ɗan'uwansa a ƙafa. Gayya ta tashi da jini da zage-zage.

Gari ya rabu. Wasu suka ce a kori Arzika, ba shi da zuciya. Wasu suka ce a kori Nomau, ba shi da hannu. Ciyawa kuwa ba ta jira an gama gardama ba, tana ta cin gero.

Sarkin Noma Jatau ya kira su biyun zaurensa. Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mini inda na kuskure ko bugu ɗaya." Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, laifi ne mutum ya ji tausayi?"

Jatau ya ce, "Ku biyun nan kuna tuna mini da Kurciya da Maƙwaƙwafi."

Suka ce, "Yaya labarinsu yake, ranka ya daɗe?"

Jatau ya ce:

Wata rana aka yi hadari mai iska a daji, ya fizge ɗan Kurciya daga sheƙa ya yi nesa da shi. Ɗan ya faɗa wani kogon itace ya maƙale, ya ƙi fitowa, don shaho na ta shawagi a sama. Uwar ta hau reshe tana kira tana kuka. Duk tsuntsun da ke kusa sai da ya zubar da hawaye, amma muryarta ba ta wuce inuwar itacen da take kai, ga shi tana yi tana shaƙewa.

Ta je ta faɗi gaban Gauraka, sarkin tsuntsaye. Gauraka ya kira makaɗinsa, Maƙwaƙwafi, tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace da baki, ya ce ya buga a nemo yaro. Maƙwaƙwafi ya zaɓi busasshen gawo mai amo, ya zuba kiɗan da ya fi gwaninta a kai. Daji duk ya ɗauka. Ɗan Kurciya ya ji sarai daga cikin kogo, ya ce a ransa, "Yau kuma biki ake a fada," ya ƙara lafewa.

Gauraka ya ce su hau reshe ɗaya, Maƙwaƙwafi ya buga abin da Kurciya ke faɗa. Maƙwaƙwafi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuka ba kai ba gindi, me zan buga a ciki?"

Gauraka ya ce, "Ka taɓa saurara?"

Maƙwaƙwafi ya rufe bakinsa ya kasa kunne. Can sai ya gane ashe cikin kukan akwai wani kira da take maimaitawa, wanda take yi wa ɗanta in ta kawo masa tsaba. Ya ce, "Baiwar Allah, na fara kamawa, amma kina yanke shi a tsakiya. In kina son ɗanki, ki danne shessheƙar nan ki yi mini shi daidai, ki kuma, ki sake kumawa, har ya zauna a bakina."

Abin ya yi wa Kurciya wuya ƙwarai, amma ta cije ta yi. Maƙwaƙwafi ya ɗauki kiran ya ɗora a kan gawo, a hankali, inda ta ja ya ja, inda ta sauke ya sauke. Ɗan Kurciya na ji ya ce, "Wannan Innata ce!" Ya fito ya bi amon daga reshe zuwa reshe, ta ƙarƙashin ganye inda shaho ba ya gani, har ya faɗa jikin uwarsa.

Jatau ya dubi makaɗan nan biyu ya ce, "Kai Arzika, ana jin ka har gari na gaba, amma ba ka san wa kake kira ba. Kai Nomau, ka san wa kake kira, amma hannunka ba ya kai saƙo. Ni kuwa gerona na cikin ciyawa. Ba wanda zan kora, kuma ba wanda zai sake hawa gonata a yadda yake."

Nomau dai sai da ya sha wuya. Arzika ya kifa masa turmi a tsakar gida, ya sa shi bugun take ɗaya-ɗaya har hannunsa ya yi kanta, yana yi yana mita. Shi kuma Nomau ya ja wansa gida-gida, suka yi gaisuwar da bai yi ba, suka zauna da Cindo har ya ba su labarin ubansa.

Ranar gayya ta zo. Arzika da ganga, Nomau a gefensa da kazagi, 'yar ƙaramar ganga, yana riƙe masa kiɗa daram. Wannan karon kan Arzika a ɗage yake. Ya bi jerinsa har ya iso gurbin Barau. Manoma suka juyo suna kallonsa. Sai ya tsaya cak, ya bar kazagi shi kaɗai yana tafiya. Sannan ya ɗauko taken Barau a hankali, can ƙasa-ƙasa, kamar mai yin gaisuwa, idonsa cikin na Cindo. Da ya ga yaron ya haɗiye hawaye ya gyara riƙon garma, sai ya murɗa wutsiyar taken ya fitar da wani sabo fil daga cikinsa, ya ɗaga shi sama. Nan take kowa ya gane an yi wa Cindo nasa taken, daga jikin na ubansa. Cindo ya yi kururuwa ya faɗa kunya, ba wanda ya ga ƙurarsa sai a ƙarshen gona. Ranar aka gama nome gonar tun rana ba ta karkata ba.

Kaka Tasalla ta jawo ƙwaryar gyaɗarta ta ce, "Murɗa take irin wannan sai hannun gwani. Amma da kansa na sunkuye, ina zai san lokacin murɗawa? Ke hannun Arzika gare ki, ba mai ƙwace miki. Yaushe rabon da ki dubi fuskar Ladidi tana waƙa?"

Zulai ta turo baki ta ce, "To ai ita ma Nomau ce, Kaka. Ɓata mana kiɗa take."

"Ƙwarai kuwa. Kin ji na ce a bar ta ta yi ta ɓatawa? Nomau ma ai sai da ya sha turmi. Wa ya kifa masa?"

Zulai ta juya zoben hannunta. Can ta ce, "Arzika."

"To."

"Kaka, mene ne ma majanyi ke yi a cikin waƙar? Ni bugu kawai nake bi."

Kaka ta kama haɓa ta ce, "Oh ni Tasalla! Wannan ba ni za ki tambaya ba. Mai waƙar na nan da ranta."

Zulai ta miƙe ta ɗauki shantu ta ce, "Na ji, tsohuwa, na kuma karɓa. In Umma ta tambaya, ina gidan su Ladidi."

"A gaishe ta. Kuma ki bar haɓar nan taki a gida!"

Ku ji fa, Zulai da kanta, wadda ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba, ta je har ɗakin su Ladidi ta ce a yafe mata. Ladidi ta buɗe akwati ta fito mata da majanyin, wani tsohon saƙi da ya koɗe, ta ce da shi aka goya ta, kuma har yanzu in zazzaɓi ya kama ta shi take rufa da shi. Zulai ta karɓe shi ta shafa shi a hankali. Da ta mayar mata da shi kuwa sai ta ce, "To share hawaye, ɗauko shantunki. Baitin nan za mu yi ta yi har hannunki ya iya shi ko da kina kuka." Washegari ta ce wa Malama Hansatu, "Ladidi ce." Daga nan kullum aka tashi makaranta suna tare, Ladidi har cinyarta ta yi tabo.

Sai jiya! Zauren ya cika maƙil, iyaye da malamai da 'yan makarantu, ga Kaka Tasalla can a gaba an ba ta kujera, da ɗan ƙullin gyaɗarta a cinya wai don kar ta yi gyangyaɗi. 'Yan shantunmu suka hau suka jeru. Kiɗa ya tashi tsaf kamar hannu ɗaya. Aka iso baitin majanyi, muryar Ladidi ta fara rawa, mu da muka san abin duk muka ce shi ke nan. Amma idon Zulai na kanta. Sai ta ja kiɗan baya a hankali, ta rufe bakin shantunta da tafi, ya riƙa fitar da wani amo can ƙasa kamar ana jijjiga jariri, sauran suka bi ta. Hawaye na zuba a fuskar Ladidi, amma hannunta bai saɓa ko sau ɗaya ba, murya ta fita har ƙarshen zaure. Wata Hajiya cikin alƙalai ta cire tabarau ta ajiye biro. Da Ladidi ta haye baitin, Zulai ta buɗe tafinta ta saki kiɗa gaba ɗaya, zobba na ta ƙara, mata suka ɓarke da guɗa tun ba a gama ba!

Da aka miƙo kofi, Zulai ta kamo hannun Ladidi suka karɓa tare. Tana saukowa ta kutsa cikin mutane ta nufi kakarta tana haki ta ce, "Tsohuwa, yau fa? Akwai kuskure?"

Kaka Tasalla ta ce, "Oho, ni ina na sani? Wa ya tsaya nema?"

Ta ɗago ƙullin gyaɗar ta nuna mata. Yadda ta ƙullo shi daga gida haka yake, ko kwance shi ba ta yi ba.